Zabuwar da Baƙuwa Ta Bari

Gonar da nake nomawa a wancan lokaci ba tawa ba ce, aro ce. Gara in faɗi wannan tun farko, don wanda bai taɓa cin tuwon gonar aro ba zai yi mamakin yadda mace mai baki irina ta yi shekaru tana kallon ɓarna tana haɗiye miyau.

Tana gabas da garinmu, kan hanyar Baudeta, jigawa ce mai itatuwan gawo a tsakiya. Wani tsohon alhaji ya ara wa mijina ita tun ina da goyon fari. Da mijina ya rasu na fita takaba, tsohon ya aiko ya ce in ci gaba da noma in ciyar da marayu. Babu takarda tsakaninmu. Kowace kaka nakan ɗauki dami in kai ƙofar zaurensa, in durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya shafa damin ya ce, Allah ya kai mu baɗi. Wannan kalma ita ce takardata. In na ji ta, na san akwai wata shekara.

A gidan daga ni sai yara sai uwar mijina, wadda nake kira Inna. Tsohuwa ce ƴar ƙarama, busassa, mai saurin tafiya, wadda ba ta taɓa bari baƙo ya fita gidanta hannu banza ba, ko da kuwa ita za ta kwana da ruwa a ciki.

Babban ɗan alhajin shi ne shugaban kwamitin mangazar hatsi, wato ɗakin ajiyar hatsin gari, Perezidan muke ce masa. Wani proje ne na masu ba da taimako ya gina mana mangazar, yakan cika ta da gero don a sayar wa talakawa da rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. To a hannunsa makulli yake. In kin je awo, sai ya shafe bakin tiya da gefen hannu har ya yi rami. In ba ki riƙo masa ɗan goro ba, kaza ko ƙwai ko abin da ya samu, sai a ce miki hatsi ya ƙare, ki dawo wani mako. Da idona na ga buhunan mangazarmu a kasuwar Mayahi, a rumfar wani ɗan kasuwa, da tambarin proje a jikinsu. Na karanta rubutun na sake karantawa, don a lokacin ina ɗokin karanta duk abin da na gani.

Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da furfura ta fara leƙowa na zauna a ajin yaƙi da jahilci, ƙarƙashin rumfar zana, ina riƙe da alli kamar mai riƙe muciya. Tun daga nan Perezidan ya laƙaba mini Malama. In na wuce yana zaune da mutane sai ya ce, a ba Malama hanya, kada a taka mata kaye, wato littafin rubutuna. Su yi dariya, ni ma in yi, don gonar ubansa nake ci.

Saboda karatun nan ne matan garinmu suka sa ni gaba a ƙungiyarsu, saboda shi ne kuma aka kira ni wani taro a Tasawa. Wasu mutane suka zo daga Yamai, tare da wata Baturiya mai yawan rubutu da tafinta a gefenta. Suka ce dokokin hana cin hanci sun tsufa, sun yi ɓuli ta ko'ina, ana son a gyara su, masu ba da taimako daga waje kuma sun sa hannu a aikin. Shi ya sa suke zagaya jihohi suna jin bakin mutane. Abin da suka fi nanatawa shi ne wani sashe da za a ƙara, na kare wanda ya tona asirin ɓarawon dukiyar jama'a: za a ɓoye sunansa, ba mai taɓa shi. Suka tambaya, me ya sa mutanen karkara ba sa kai ƙara?

Perezidan ma yana wurin, an gayyace shi da sunan kwamiti. Shi ya fara tashi. Ya gyara babbar riga ya yi magana mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce cin hanci ciwo ne da ya ci ƙasa, ya ce jahilci ne ke hana mutane magana. Aka tafa masa. Ina zaune a layin mata, fanka na kaɗawa a sama, amma zufa ta jiƙe mini baya. Ban yi niyyar magana ba. Kalmar jahilcin ce ta tashe ni. Na ce ba jahilci ba ne. Na ce wanda kuke so mu kai ƙara, a rijiyarsa muke sha, amalankensa ke kai marar lafiyarmu likita, in ya yi fushi ba mu da wani gari na biyu. Ban kama suna ba, ban ko dubi inda yake ba. Na koma na zauna.

Da aka tashi sallar azahar, wata daga cikin mutanen Yamai ta same ni wurin alwala. Doguwa ce, yarinya a kaina, da tabarau, Hausarta ta Damagaram. An ce masaniyar doka ce, cikin masu rubuta gyaran. Madam kowa ke ce mata. Ta tsuguna kusa da ni kamar mai jiran buta, ta yi ƙasa da murya ta ce ta ji akwai abin da ban faɗa ba. Ta ce suna bukatar labari na gaskiya daga bakin wanda ya gani, don masu rubuta doka su san inda ƙaya take. In na yarda kuma, za ta miƙa maganar ga masu binciken mangazu, ba suna, ba gari a bakinta sai na mangazar. Ta ce za ta zo gidana ita kaɗai, ba da motar proje ba.

Na ce mata zan yi tunani, amma kafin in gama wanke ƙafa na riga na yarda. A makon nan na ga maƙwabciyata tana dafa wa ƴaƴanta ganyen tafasa ba ko garin da za ta barbaɗa, bayan ta je mangaza an ce mata ya ƙare.

Muka sa ranar kasuwar garinmu, don ranar baƙuwar fuska ba ta ɗaukar ido. Madam ta yi duk abin da ta ce. Ta bar mota a Tasawa ta hau babur na kabu-kabu, ta zo cikin dogon hijabi da silifa, kamar wata ƴar uwa da ta zo gaisuwa. Tun da safe na zaunar da Inna na ce mata baƙuwa za ta zo daga Yamai, maganar da za mu yi kuma kada ta fita ɗakin nan, don wuyanmu ne a ciki. Inna ta rantse. Kuma ta cika, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji kalma ɗaya ta abin da aka faɗa a ɗakin daga bakinta. Sai dai ni bakinta na ɗaure. Ban ce mata kada ta yi karamci ba, wa zai tuna ya ce wa tsohuwa haka?

Muka shiga ɗaki na saki labule. Na faɗa wa Madam komai, tiya da goro da buhunan Mayahi. Tana tambaya ina amsawa, ba ta gaggauta ni ba. Muna ciki Inna tana waje tana fama. Ta dama fura da nono mai kyau. Ta kori zabinta har bayan rumbu ta kamo wadda ta fi ƙiba, mai yi mata ƙwai, ta ɗaure mata ƙafa da tsumma. Da muka fito ta miƙa wa baƙuwa da hannu biyu.

Madam ta ja da baya kamar an miƙo mata wuta. Ta yi godiya, ta sake yin godiya, ta ce aikinta ya hana ta karɓar kyauta, ko goro ɗaya, sun sa hannu a kan haka. Inna ta dube ni ta ce in gaya wa yarinyar nan ba aikinta ta ba, ita ta ba, baƙuwar da ta sha rana ta zo gidanta. Na raɗa wa Madam cewa ta karɓa kawai, tsohuwar ba za ta bari ba.

Ta ce, "Mama, doka nake rubutawa a kan wannan. In fita gidan mai shaida da zabuwa a hannu?"

Na ce mata wannan ba cin hanci ba ne, ba abin da Inna ke nema wurinta. Ta ce ta sani, amma takarda ba ta san Inna ba. Daga ƙarshe ta karɓa don a rabu lafiya. Na bi da ita ta bayan gida, ta wata kafa a danga da ke fita cikin gonaki, don ta zagaya ta samu mai kabu-kabunta a tasha ba tare da ta ratsa kasuwa ba. Muna wucewa ta bayan rumbu ta sunkuya ta ajiye zabuwar a inuwa, ta ɗora yatsa a baki. Na gyaɗa kai. Na ce a raina zan kwance ta in an jima, ta shiga cikin ƴan uwanta, Inna ba za ta lura ba sai an kwana biyu. Ban yi mata rakiya mai nisa ba, wanda shi ma abin kunya ne a wurinmu, na dawo na ɗauki buta na zagaya.

Kafin in fito Inna ta ga zabuwar.

A tunaninta baƙuwa mantawa ta yi. Abin da ya zo mata ke nan, ba wani. Ta saɓi tsuntsuwar a hammata ta fita ta ƙofar gaba, ta faɗa tsakiyar kasuwa. Daga baya mai tuyar ƙosai ta ba ni labarin yadda ta bi rumfa rumfa tana tambaya: ba ku ga baƙuwata ba, doguwa mai tabarau, ƴar Yamai? Ta manta zabuwarta. Ta tambayi mahauta, ta tambayi masu gishiri da kanwa, ta tambayi Fulani masu nono. Mutanen kirki suka taya ta nema. Wani ya ce ya hango wata doguwa ta bi ta gonaki ta nufi tasha. Suka ɗunguma tare da ita.

Da na fito na ga ba Inna ba zabuwa, ban tsaya neman takalmi ba. Na isa tasha na tarar da taro. Madam na bisa kabu-kabu, mai babur ya riga ya tayar, Inna ta riƙe mata gefen hijabi da hannu ɗaya, da ɗayan tana tura mata zabuwa a cinya. Madam tana cewa a'a Inna, don Allah Inna, zabuwa tana ihu, mutane suna dariya suna cewa ta karɓa mana, ba a ƙin kyautar tsohuwa. A kan bencin mai shayi, tazarar da ba ta fi jifa ba, Perezidan yana zaune da kofi a hannu.

Na ga lokacin da ya gane Madam. Ya ajiye kofin a hankali, ya tashi ya karkaɗe riga, ya ratso mutane yana murmushi.

Ya ce, "Madam, lahiya kika shigo garinmu ba ki neme mu ba? Ai da mun yanka miki rago."

Madam ta ce gaisuwa ta zo, tana sauri. Ya ce gaisuwa ai ibada ce. Da hannunsa ya karɓi zabuwar daga Inna, ya ɗaure ta a kan babur da kyau, ya ja igiyar ya gwada, ya ce wa mai babur ya tafi da Madam a hankali. Suka tafi. Sannan ya juyo ya dubi ƙafafuna da ba takalmi, ya dubi fuskata.

"Malama, ashe manyan baƙi gare ki."

Inna ta dawo gida tana jin daɗi, tana cewa yaran birni akwai mantuwa. Na bari sai da ta zauna. Na gaya mata ko wace ce baƙuwar, da wanda muka yi magana a kansa, da wanda ya ɗaure zabuwar. Ban ɗaga murya ba. Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, gonar? Na ce, gonar.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Ba wanda ya ce mini komai, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Perezidan ya ci gaba da gaishe ni, har ya ƙara ladabi, ya daina wasan kaye. Matan gidansu suka daina amsa mini sallama a rijiya sai da hanci. Wata da muke adashe tare ta aiko ɗiyarta ta karɓi turminta da ya shekara a gidana. Ana nan sai masu bincike suka zo da mota, suka shiga mangaza suka daɗe, suka fito suka karɓe makulli daga hannunsa suka ba wasu mutane riƙo. Ba a kama shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Amma an karɓe makulli a gaban jama'a, kuma duk garin ya san gidan da doguwa mai tabarau ta sha fura.

Na hau tudun bayan gari inda wayar salula ke samun layi, na kira Madam. Ta ce ba ta yi barci mai kyau ba tun ranar. Na ce ba barcinta na kira in tambaya ba, kariyar da aka faɗa a Tasawa nake nema, yanzu nake bukatarta. Ta faɗa mini gaskiya, kuma na gode mata da ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce gyaran bai zama doka ba tukuna, yana hannun manya. Ta ce ko da ya zama, abin da aka rubuta ya shafi wanda za a kora daga aiki, ko a rage masa girma, ko a kai shi kotu don ya yi magana. In an yi mini barazana ko an taɓa ni, in je wurin jandarma. Na ce ba mai taɓa ni, gaishe ni ma ake yi. Gona ce za a karɓe, ta aro, mai ita kuma yana da iko da abinsa. Ta ce wannan babu shi a ciki.

Na ce, "To ki rubuta shi. Mu nan ba mu da biro, wurin aikin albashi, da za a kore mu. Gona ce biron namu, kuma yawancinmu ta wani ce."

Ta ce za ta rubuta. Na sauko tudun ban samu komai ba.

Gajimare ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ana jin ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri. Kowa ya fito da irinsa yana gyara sungumi. Ni ma na fito da nawa, ina dubansa ban san ko ina da inda zan zuba shi ba. Sai aka zo aka gaya mini an ga Perezidan yana zagaya iyakar gonar da wani baƙo mai neman haya, yana nuna masa gawo da sanda. Tsohon bai kira ni ba tukuna, an ce ba ya jin daɗin jikinsa, amma kowa ya san da ya samu sauƙi zai kira.

Tun ranar tasha Inna ta rage magana, ta rage ci. Da ta ji zancen baƙon mai haya, washegari da sassafe ta ɗauki sandarta ta fita ba ta ce mini ga inda za ta ba. Ruga ta tafi. Akwai Fulani da ke sauka arewa da gari duk rani, uwargidansu ƙawarta ce, shekara da shekaru tana kawo mana nono Inna na ba ta dusa da gero. Ta tarar suna ɗaure kaya, don in damina ta kusa makiyaya kan janye dabbobi daga cikin gonaki su yi arewa. Ta roƙe su su dakata, su kai garkensu ya kwana a gonarmu kafin su tafi. Abu ne da aka saba, manomi ya ba da hatsi, shanu su bar masa taki, amma da rani ake yinsa, ba a bakin shuka ba. Maigidan rugar ya ce lokaci ya ƙure, in ruwa ya same su a nan rigima ce da manoma. Inna ta ce ta sani. Ta ce ɗan rumbunta na kanta, wanda take tara geron gayaunarta, ɗan yankin da take nomawa da kanta, su kwashe duka. Ƙawar tata ta sa baki. Suka yarda.

Da ta dawo ta gaya mini, na ce Inna, taki a gonar da za a karɓe? Ta ce in rufe mata baki in nemo kwando. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an karɓe gonar aro da ɗanyen taki a kanta ba, wanda ya zuba shi ke cin amfanin shekarar, alhajin kuma mutumin da ne, ya san wannan.

Shanu suka sauka a gonar. Mu kuma muka kwashe duk jujin gidanmu, toka da kashin awaki da na zabi, muna kaiwa a ka, ni da Inna da manyan ƴaƴana mata, safe da yamma. Hanyar ta bi ta gaban bencin mai shayi. Muna wucewa da kwanduna ana kallonmu, ba mai cewa sannu. Inna tana gaba, wuyanta na rawa ƙarƙashin kaya, na ce ta bari ta huta, ta ce ita ta kai zabuwa tasha, ita za ta kai taki gona. Kullum idona na sama. In ruwa ya sauka kafin tsohon ya yi magana, ban san ko in shuka ko in jira ba. In na shuka ba izini an ce na yi ƙarfin hali, in na jira shuka ta wuce ni.

Ranar da Fulanin suka tashi, da hantsi aka aiko alhaji na kira.

Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, idanunsa sun yi fari. Perezidan na zaune gefensa, da ƙanen alhajin guda. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, ya tambayi Inna. Sannan ya ce an gaya masa magana, yana son ya ji daga bakina. Ni ce na kai sunan ɗansa Yamai?

Na ce, "Ni ce, Baba."

Perezidan ya motsa, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ce abin da na faɗa, gani na yi ko ji? Na ce gani na yi. Ya ja carbinsa. Na ɗauka zai kare ɗansa, na shirya amsa. Ba nan ya bi ba.

"Ɗiyata, zauren ga kullum buɗe yake. Kin san hanyarshi, duk kaka kina zuwa. Mi ya hana ki zo gare ni kahin ki tahi ga baƙi?"

Wannan tambayar ta fi ƙarfin duk abin da na shirya, don da gaskiyarsa a al'ada. Amma ban iya ƙarya ba. Na ce, Baba, da na zo, da ka kira shi ka yi masa faɗa, ya ba ka haƙuri, makulli na nan a aljihunsa. Ni kuma da na fita zauren nan ba gona tun ranar, ba tare da ko tiya ɗaya ta cika ba. Ƙanen alhajin ya ce in iya bakina. Na ce tambayata aka yi.

Perezidan ya ce ba sai an ja magana ba, gona tasu ce, suna da bukatarta bana, an riga an yi magana da wani. Tsohon ya juya fuska wajensa ya tambaya ko gaskiya ne garke ya kwana a gonar. Ya ce gaskiya ne, amma da gangan aka yi, dabara ce, kowa ya gani. Tsohon ya ce ya san dabara ce, ya kuma san mai dabarar, tare suka yi ƙuruciya da ita.

Ya ce, "Ban taɓa amshe gona da taki bisa ba, ba ni farawa yanzu da ƙafata guda cikin kabari. Ki noma bana. In kin kwashe amfaninki, ki bar mini gonata."

Na ce na gode. Na tashi na fito. A daren ranar ba a yi ruwa ba, sai bayan kwana biyu, muka shuka tare da kowa.

Cikin damina Madam ta kira ni. Ta ce ta rubuta zancen gonar aro da rijiya da duk abin da mutum ke rayuwa da shi, ta miƙa. Ko sun bar shi a ciki ko sun goge, har yau ban sani ba, ita ma da na ƙara tambayarta ba ta sani ba. Ta ce zabuwar kuwa sai da ta rubuta takarda a kanta ta kai wa shugabanta, aka rasa yadda za a yi da ita, aka sake ta a farfajiyar biro a Tasawa, tana nan tana yi wa mai gadi ƙwai. Na gaya wa Inna. Ta ce to madalla, ta dai isa lafiya.

A mangaza tiya ta koma cika har da tozo. Matan da suka daina amsa sallamata suna zuwa su auna su wuce ta ƙofar gidana, wasu su gaishe ni, wasu su sunkuyar da kai. Ban riƙe su ba. Su ma yawancinsu gonar wani suke ci.

Gonar ba ta taɓa yin gero irin na shekarar nan ba. Takin ya kama, zangarniya ta yi tsawon hannu, har masu wucewa na tsayawa kallo. Ina yankan ina jin haushi, ina kuma godiya, ban san wanda ya fi yawa ba. Muka kwashe komai, har kara ban bari ba, na ɗaure na kai gida. Shekarun da suka biyo na yi ƙwadago a gonakin mutane, na soya ƙuli-ƙuli, daga baya ƙungiyarmu ta samu wani fili mai nisa, fako, muna fama da shi har yanzu.

A waccan kakar ta ƙarshe, da muka gama ɗaurin dammuna na zaɓi wanda ya fi kowane girma. Inna ta ce ba dole ba ne bana, tunda an riga an yanke. Na ce na ci gonarsa shekarar nan, zan kai. Na ɗauka a ka na bi ta gaban bencin mai shayi har ƙofar zaure. Na sauke, na durƙusa, na gaishe shi. Ya miƙo hannu ya lalubi damin, ya shafa zangarniyar tun daga sama har ƙasa, ya daɗe yana shafawa. Na jira, ko da yake na san ba abin jira.

Ya ce, "Allah ya yi albarka."

Na ce amin, na ɗauki gammona na fito.